Azumin Baban Godiya

Gaisuwa gare ku cikin sunan Ubangiji, musamman ku 'yan'uwana mata da kuke da miji, ko uba, ko wa, mai shan maganin hawan jini. Wata huɗu ke nan da muka kai Baban Godiya makwancinsa. Sau biyu Baba Fasto yana cewa in tashi a majami'a in ba da shaidar yadda jinyar ta kasance, sau biyun ina miƙewa sai murya ta ƙi fita. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya karanta ya karanta wa wani. Akwai laifina a ciki, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Sunan mijina Ishaya, ma'aikaci ne a ɗakin karatu na jami'ar da ke nan Wudil. Ni tela ce, kekena yana zauren gidan da muke haya a Sabon Gari. 'Yarmu ɗaya, Godiya, tana makarantar kwana. Da ita ake kiran mu a unguwa da majami'a duka: Baban Godiya, Maman Godiya. Tun da iyayena suka rasu, mutum ɗaya ya rage a duniya mai kira na da sunan da uwata ta raɗa mini, Rifkatu. Shi ne shi.

Tun ina budurwa ni mai karatun littattafan soyayya ce. Har na yi aure ban daina ba, a ƙarƙashin yadin mutane nake ɓoye su. A cikinsu namiji yakan riƙe hannun matarsa ya yi ta jero mata sunaye masu zaƙi har ta rufe fuska don kunya. Nawa mijin bai iya ko ɗaya ba. Dogo ne, baƙi, da 'yar furfura a gemu, ba ya son surutu. In ya dawo daga aiki sai ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Rifkatu, sannu da aiki." Iyakar soyayyar tasa ke nan. Amma yana da yadda yake jan ƙarshen sunan a hankali, kamar ba ya so ya sake shi. Shekara goma sha tara ina mitar bai iya magana ba, ban san da wannan kalma ɗaya nake rayuwa ba.

Addu'a kuwa a gidanmu aikinsa ce, kamar yadda girki yake nawa. Shi zai karanta Maganar Allah da safe, shi zai yi roƙo, ni ina durƙushe a gefe ina tunanin ɗinkin da zan gama. Ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Na ɗauka tun da maigida yana shiri da Allah, ni ma an sa ni a ciki.

A shekarar da abin ya faru, ana saura 'yan makonni a yi bikin Ista, ya zaunar da ni ya ce zai yi azumin kwana arba'in. Ba majami'a ce ta sa ba, shi ya ɗora wa kansa.

Na ce, "Wani abu ne ya faru? Ko a wurin aiki ne?"

Ya ce, "Ba abin da ya faru. Shekara nawa ina zuwa wurin Ubangiji, amma ji nake kullum a zaure nake tsayawa, in yi gaisuwa in juya. So nake in shiga cikin gidan."

Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai, don ta yi kama da irin ta littafi. Ban tambaye shi yadda zai yi da maganinsa ba.

Shekara shida yana shan ƙwayar hawan jini, ɗaya kowace safiya. Shi kuma a cikin Musulmi ya tashi, a ƙauyensu wajen Achika, kawunnansa duka Musulmi ne. A wurinsa azumi shi ne kada komai ya wuce maƙogwaro daga asuba zuwa faɗuwar rana, ko ɗigon ruwa. Ba wanda ya koya masa haka a majami'a, da shi ya girma. Sai ya mai da shan ƙwayar zuwa yamma. Da yamma kuma in ya sha ruwa ya ci ɗan tuwo, gajiya ta kwashe shi, sai ya manta. Daga mantuwa abin ya zama niyya. A sati na biyu ina goge taga na ga katin maganin a cike, ƙwaya biyu kawai aka ɓalle.

"Baban Godiya, wannan fa?"

"Ajiye shi. Mutum ya ce Allah kaɗai yake nema, kuma ga ƙwaya a ɗaya hannun? In na gama zan koma."

Ga laifin nawa. Na dube shi, ya rame, idanunsa sun yi fari tas, fuskarsa ta yi wata irin natsuwa. Ya yi mini kyan da bai taɓa yi ba. Na ce a raina, ashe jarumi nake aure ban sani ba. Na mai da katin kan taga na ci gaba da shara.

Sati na uku zafin bazara ya kankama. Ya fara kukan ciwon kai a ƙeya, in ya miƙe sai ya dafa bango. Wata Lahadi da yamma kofi ya suɓuce daga hannunsa na dama, ya ce hannun ya yi masa nauyi kamar ba nasa ba. Kafin in gama tsane ruwan ya sake shi. Na shafa masa man zafi, na ce ƙila kwanciya ya yi a kai. Don Allah, duk wadda ta ga irin wannan a gidanta, hannu ya mutu ya dawo, ko harshe ya yi nauyi ya sake, kada ta nemi man zafi. Ta nemi mota.

Rana ta talatin da ɗaya Juma'a ce. Da hantsi yana zaune a tsakar gida yana ɗaure igiyar takalmi, ni ina zaure na fara taka keke, sai na ji faɗuwa. Na tarar da shi a ƙasa, bakinsa ya karkace, yawu na zuba. Yana kallona, leɓɓansa suna motsi, ba abin da yake fita. Ihun da na yi ne ya shigo da Hajiya Binta, matar mai gidan da muke haya, dattijuwa ce, katanga ce tsakaninmu. Ko mayafi ba ta gyara ba. Ita ta sa mijinta Alhaji ya fito da mota.

A asibitin gari ma'aikaciyar ta auna jininsa, ta kalli abin awon, ta sake aunawa, sannan ta fita da sauri ta kira likita. Suka yi masa allura, suka ba mu takarda zuwa Kano. To, Juma'a kuwa ranar kasuwar Wudil ce. Manyan motocin shanu sun cushe hanya tun daga kara, inda ake cinikin shanu, har bakin gada. Mun fi awa guda ba mu tsallake kogin ba. Kansa yana kan cinyata, Hajiya tana yi masa fifita da kwali, shanu suna leƙo mu ta tsakanin katako. Da a littafi ne, a nan ne zai buɗe ido ya faɗa mini kalmar da zan riƙe har abada. Na sunkuya na kai kunnena bakinsa, na jira. Numfashi kawai na ji.

A Kano wani likita matashi mai tabarau ya tambaye ni, "Yana shan maganinsa?"

Na ce, "Yana sha."

Kunya ce ta sa ni ƙarya. Na kwana da ita a ƙirji kamar dutse. Washegari da aka ɗauki hoton kansa na bi likitan har baranda na faɗa masa gaskiya. Ya cire tabarau ya murza ido. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi.

Ya ce, "Mama, hawan jini ba ya zuwa hutu. Maganinsa ma bai kamata ya je ba."

Ya ce jini ya daskare ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, inda magana take. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Rai dai sun riƙe shi. Magana kuwa, ya ce, sai abin da Allah ya yi.

Da na gaya wa Hajiya sai ta tafa hannu. "Innalillahi! Maman Godiya, ai mu Musulmi da ya kwaikwaya an ɗauke wa mara lafiya azumi. Ni da kike gani, bara da sukarina ya tashi, malam cewa ya yi in ajiye azumin. Mijinki ya ɗauki rabin karatu ya bar rabi. Da kin leƙo katanga kin tambaye ni!"

Satin farko a asibiti ban san yadda ya wuce ba. Tabarma a baranda, buta, fulas. Ta roba ake zuba masa kunu a hanci. Layin kati daban, layin magani daban, layin gwaji daban, kuma kowanne in ka kai gaba sai a ce takardar da ka riƙe ba ta nan ba ce. Akwai ma'aikaciyar da ta daka mini tsawa a gaban mutane don na tambaye ta abu sau biyu. Akwai kuma wadda ta tsaya bayan ta tashi daga aiki ta koya mini yadda ake juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Dukansu ina tuna fuskarsu. Awakina uku da kekena na biyu duk jinyar ta cinye. Matan majami'a kuwa ba ranar da kular abinci ba ta zo daga Wudil ba, Allah ya saka musu.

Sati na biyu yayarsa, Yaya Saratu, ta iso daga ƙauye da ƙullin magani a bakin zane. Gwauruwa ce mai ƙarfin hali, ita ta goye shi yana yaro. Ta zo da shawarwarin dangi kaf. Wasu sun ce iska ce ta buge shi, a yi hayaƙi. Wasu sun ce akwai mai addu'a a hanyar Jos, in ya shafa man zaitun gurgu tashi yake. Wani ɗan majami'armu ma ya tsaya a kan gadon mara lafiya ya ce mu bincika ko akwai zunubin da aka ɓoye. Yaya Saratu ta raka shi har ƙofa, ta ce ya gai da gida, kuma kada ya wahalar da kansa ya dawo. Baba Fasto ya zo ya zauna ya daɗe. Da zai tafi ya ce, "Na ga yana ramewa, na yi ta yaba masa a gaban jama'a. Ban tambaya ba." Lahadin da ta biyo ya sanar daga bagade cewa duk mai shan magani ya sha abinsa ko yana azumi.

A sati na uku aka cire robar, aka sallame mu. A ranar ne kalma ta fara fita daga bakinsa. Ma'aikaciya ta ce, "Baba, za a tafi gida." Sai ya ce, "To."

Na kusa faɗuwa don murna. Ashe ita kaɗai ce ta rage masa. Ana yi masa sannu, to. Yana jin ƙishirwa, to. Yana jin zafi, to. Godiya ta zo hutu ta faɗa jikinsa tana kuka, ya shafa kanta da hannun hagu ya ce, to, to. Yaya Saratu takan ce, "Ka ga ikon Allah, yaron da tun yana ƙarami ba ya jin magana, yau komai aka ce masa to." Sai ya yi dariya da rabin baki. Hankalinsa duka yana nan. Ƙofar ce kawai aka rufe.

Muka shiga zuwa gashi da motsa jiki a asibitin Kano, Litinin da Alhamis. Matar da take motsa masa hannu ta ce mini in zaɓi kalma ɗaya da yake so, in riƙa maimaita masa a gida a hankali, yana kallon bakina. Ban yi dogon tunani ba. Wace kalma zai so fiye da sunana?

Kunya ba za ta bar ni in yi a gaban mutane ba, don haka sai in rufe ƙofar ɗaki, in zauna a bakin gado, in rage murya.

"Kalle ni. Rif. Ka. Tu."

Sai ya kafa wa bakina ido, jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya tsattsafo masa. "To."

"A'a, ba to ba. Rif."

"To."

Safe da yamma, kullum. Har na tsara a raina yadda ranar za ta kasance: da la'asar, rana ta yi sanyi, ina sanye da atamfata mai ruwan goro, ya kira ni in juyo. A lokacin ne kuma na fara addu'a da bakina, karo na farko a rayuwata, in dai za a kira ta addu'a. Ciniki nake yi. Ubangiji, ka ba shi sunana sau ɗaya, zan ƙona littattafan nan. Ka buɗe bakinsa, zan shiga mawaƙan majami'a. In na gaji da ciniki sai in koma ƙorafi: kai ya fita nema, ka ga yadda ka dawo mini da shi?

A sati na bakwai matan zumuntar majami'a suka zo gaisuwa, su wajen goma sha biyu, da tulunsu na kiɗa da caki. Muka fito da shi tsakar gida kan kujera. Suka ɗauko wata tsohuwar waƙar yabo da ake yi tun muna yara. Ina madafa ina zuba musu zoɓo sai na ji muryar namiji a ƙarƙashin tasu. Na san ta. Na saki moɗa na fito. Baban Godiya ne, ido a rufe, yana rera waƙar baiti bayan baiti, kowace kalma a fili, sunan Yesu yana fita daga karkataccen bakin nan kamar ba abin da ya taɓa samun sa.

Mata suka ɓarke da guɗa, wasu suka zube suna kuka. Ni kuwa na kutsa na durƙusa a gabansa, na kai bakina kunnensa.

"Ka warke! Yanzu faɗi. Faɗi sunana."

Ya buɗe ido ya dube ni. "To."

Na koma madafa na rufe fuska da zane. Ana ta yabon Allah a tsakar gidana, ni ina bayan murhu zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Likita ya yi mana bayani daga baya, ya ce waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a cikin kai ba, an saba ganin haka. Bayanin bai sanyaya mini rai ba. Abin da na gani shi ne, murya tana nan, amma an ware ta ga Allah, ni ba ni da rabo. Ba na jin daɗin rubuta wannan, amma haushin Allah na ji.

Sai na ƙara matsa masa. Daga sau biyu na koma sau huɗu. Har ya zama in ya ji na tura ƙofa sai jikinsa ya ɗaure. Wata safiya na ce, "Ka iya baiti huɗu, ka kasa gaɓa uku? Ba ka so ne kawai." Hawaye ya gangaro ta idonsa na hagu. Ya juya fuska bango. Ranar bai ci abinci ba, washegari ma ya rufe baki.

Yaya Saratu ta ja ni bayan ɗaki. Ashe tana jin komai ta taga.

"Ke, wai matarsa ce ke ko malamar firamare?"

"Yaya, a asibiti aka ce..."

"A asibiti aka ce ki sa shi kuka? Na zuba miki ido sati huɗu. Ruwa yake buƙata ya iya faɗa, ko bayan gida, ko ciwo. Duk ba ki ga waɗannan ba sai sunanki. Ke sunanki kike jinya, ba ƙanena ba."

Sannan ta sassauta murya ta ce, "Na san zafin. Nawa mijin ko sallama bai yi mini ba. Amma ki bar bawan Allah ya huta."

Daga ranar na daina. Na koya masa nuna kofi, na koya masa ɗaga yatsa in yana jin zafi. Na ce masa ya yafe mini, ya ce to, kuma wannan karon na san ma'anarta ke nan.

Kafin ciwon yana da al'ada, kafin ya tafi aiki yakan zauna shi kaɗai ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, shiru, ba karatu ba waƙa. Sai na fara fito da shi wurin da sassafe. Rana ta farko na ajiye shi zan koma wanke-wanke, ya buga hannun kujera, ya nuna mini turmin da ke kife a gefensa. Na zauna. Ya rufe ido. Ni kuwa na ƙirga ganye, na ƙirga kaji, na tuna wani labari da ban ƙarasa ba. Minti ashirin suka yi mini kamar wuni.

Haka muka yi ta yi, damina ta faɗi muna yi. Ina satar kallon fuskarsa. Mutumin da ya rasa aiki, ya rasa hannu, ya rasa baki, sai in ga fuskar ta saki kamar ta wanda babban baƙo ya zo masa. Na kasa gane abin. Wata safiya na ji kaina ina cewa a zuci, Ubangiji, me ya gani a wurinka? Kuskure ya yi, na sani, ba kai ka ce ya bar magani ba. Amma me yake nema har ya manta da kansa, kuma har yanzu bai yi fushi da kai ba? Ni ban san ka ba. A bakinsa kawai nake jin labarinka, ga shi bakin ya rufe.

Ita ce addu'ata ta farko da ban roƙi komai a cikinta ba. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Abin da zan iya cewa shi ne, kun san yadda mutum yake shigowa ɗaki kina ɗinki, ba ki juya ba amma kin san ba ke kaɗai ba ce? Haka ya fara zama, wata rana e, wata rana a'a. Ranar da babu sai in wuni ina jin kewa, irin wadda a da nake zaton sai namiji ake yi wa. Na fara karanta masa Maganar Allah da kaina, ina tuntuɓe a sunaye masu wuya, yana gyara ni da bugun kujera. Ban daina son jin sunana ba, kada in yi muku ƙarya. Amma ya daina zama abin da nake farkawa da shi.

A wata na biyar Yaya Saratu ta koma ƙauye don noma. Wata Talata bayan azahar ina cikin ɗinki sai na ji ina so in je majami'a. Ba ranar sujada ba ce, ba taro, ba kowa. Tun da ya faɗi ban taɓa barin sa na fita don kaina ba. Na yi ta kokawa da abin har na kasa zare allura. Na leƙa katanga.

"Hajiya, ko za ki zauna mini da shi kaɗan?"

"Je ki abinki, 'yar nan. Ga gyaɗa ma zan ɓare, ya taya ni hira."

Na tarar da majami'a a buɗe, mai shara ya gama ya tafi. Na zauna a bencin baya. Ban yi waƙa ba, ban ce komai ba. Na ce minti goma zan yi, ban ankara ba sai da na ji kiran la'asar daga masallacin unguwa. Na taso da sauri.

Ina shiga gida na gan shi a kujerarsa yana gyangyaɗi, Hajiya tana kan tabarma da faranti a gaba. Ta ɗago kai.

"Maman Godiya, wai wace ce Rifkatu?"

Na tsaya cak. "Me kika ce, Hajiya?"

"Rifkatu. Ko 'yar'uwarsa ce? Sau biyu ya faɗa, ras, kamar ni da ke. Na ce Malam, wa kake nema? Sai ya ce mini to."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Ni ce."

Hajiya ta saki gyaɗar hannunta. "Ke ce? La'ilaha! Shekara uku muna tare! To tashi mana, tashe shi ya maimaita, ga ki ga shi!"

Na dubi mijina. Kansa ya karkata, hannun da ya shanye yana kan cinyarsa. Wata biyar ina jiran abu ɗaya, ya zo ba na nan. Na ji zafin har cikin ƙashina. Amma ban tashe shi ba.

Na ce, "Bar shi, Hajiya. Gaya mini dai yadda ya faɗa. Nema na yake? Ya ji tsoro ne da bai gan ni ba?"

Ta ce, "A'a, ba kamar mai kira ba. Ko ƙofa bai kalla ba. Idonsa a rufe yake, ya buɗe tafin hannun nan nasa mai lafiya, ya ɗaga shi sama kaɗan. Kamar dai yadda kuke yi in kuna addu'arku."

Kwana goma sha tara ya ƙara a duniya. Ciwon ya sake bugun sa wata safiya, kafin mu kai gada ya cika. Bai sake faɗar sunan ba, ni ma ban sake tambaya ba. Ban ji da kunnena ba, kuma ba zan ji ba. Amma ba ni aka faɗa wa ba. Wanda aka faɗa wa ya ji.